Shekarar da Jatau Ya Daina Kiran Sunana

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina roƙonsa ya tsare alƙalamina daga ƙari da ragi. Da farko ban yi niyyar rubuta shi ba. Abin da ya sa ni shi ne ranar sunan jikana, ɗan Habibu. Ina zaune a zaure tare da baƙi, rediyo ta sako tsohuwar waƙar noma ta marigayi Jatau, sai na ji ɗaya daga cikinku, ku 'ya'yana, ba zan kama suna ba, ya ce wa ƙanensa:

"Kashe mana wannan. Ai shi ne mutumin da ya ci amanar Baba."

Ban tanka ba saboda idon baƙi. Amma a ranar na gane cewa hirar teburin shayi ta riga ni shiga gidana, har ta samu wurin zama. To ku saurara, ku ji yadda abin ya kasance daga bakin wanda aka ce an ci amanarsa.

Unguwarmu ɗaya da Jatau a ƙauyenmu na ƙasar Kuyello, kuma gaban malami ɗaya aka kai mu. Ni na zauna, shi bai zauna ba. Allah bai ba shi haƙurin allo ba, amma ya ba shi murya. Idan ya ɗaga ta a gona, wanda ke gindin ɗorawa a wancan ƙetaren rafi sai ya ɗago kai. Da muka girma ya zama mawaƙin gayya: mai gona ya tara samari su yi masa huɗa, Jatau yana gabansu yana waƙa, 'yan amshi suna karɓa, Yohanna yana bugun gangar noma. Yohanna mutumin Gayam ne, Kirista, Gwaranci a bakinsa kamar Hausa, kuma hannunsa bai taɓa saɓa wa saran garma ba. Ni kuwa aikina shi ne kalmomi. Bayan sallar asuba nakan zauna in rubuta baitoci da ajami, a kan dawa da masara, a kan jarumin da ya riga rana zuwa gona, da ragon da ciwon baya ke kama shi da zarar an yi ruwan shuka. Jatau ba ya karatu, saboda haka a kan hanya muke aiki. Gonakinmu suna can bakin dajin Kamuku, tafiya ce mai ɗan nisa. In karanta baiti, shi kuma ya taka shi da ƙafa, yana dukan ƙotar garma da yatsa. Wani lokaci sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Malam, wannan kalmar ta yi wa garma nauyi. Kafin mutum ya gama faɗarta ya sare ƙafarsa. Sake wata."

"Jatau, kalmar nan daga littafi na ɗauko ta."

"To mayar musu da abarsu. Littafi ba ya huɗa."

Haka zan cire ta ina ƙunƙuni, kuma kusan kullum shi ke da gaskiya. Idan waƙa ta haɗu, ba ma kai ta gona sai mun gwada ta. Jatau zai tsaya bayan dangar gidanmu lokacin da Innarku Hajara da maƙwabta suke daka, ya rera amshin kamar da wasa, ya wuce. Idan muka ji amshin ya shiga lugude, har ya kai bakin rijiya, to waƙa ta rayu. Idan mata suka yi shiru da shi, sai mu binne ta, ko da na sha wahalar rubuta ta. Kuma kowace waƙa, komai tsawonta, da abu ɗaya yake rufe ta. Ganga za ta lafa, ya ce, "Hatsin nan daga rumbun Malam Shu'aibu na ɗebo." 'Yan amshi su ce, "Allah ya ƙara wa rumbu albarka." Ban taɓa roƙonsa ya yi haka ba. Mawaƙa da yawa suna karɓar baiti a hannun wani su haɗiye sunansa. Jatau ya ce shi ba zai ci tuwo ya ɓoye mai rumbu ba.

Shekaru kaɗan bayan Turawa sun miƙa mulki, mutanen rediyo suka zo Birnin Gwari suka ɗauki muryarsa. Daga nan sunansa ya fita, nawa ma ya bi shi. Direbobin da ke bin hanyar Funtuwa da Kaduna sukan tsaya su tambaya wane ne wannan Malam Shu'aibu mai rumbu. Yara kan bi ni suna "Allah ya ƙara wa rumbu albarka." Ba zan ɓoye muku ba, abin yana mini daɗi.

Sai shekarar da nake son ba ku labari ta zo. Farkon damina aka yi gayya a gonar Sarkin Noma, jama'a ta taru sosai. Jatau ya rera sabuwar waƙar da muka haɗa da rani, samari suna sara kamar ba gobe. Aka zo ƙarshe, ganga ta lafa, 'yan amshi suka buɗe baki suna jira. Jatau bai ce komai ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa, Yohanna ya ci gaba da bugu shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan ya rufe. Ina tsaye a bakin kunya, na ga kawuna suna juyowa wajena. Na ce a raina mantuwa ce, ko ƙishirwa ta kama shi. Gayya ta gaba ya sake yin haka. Daga nan kuma ya daina tsayawa a ƙofar gidana da safe. Sai in hango shi ya bi ta hanyar rafi, wadda ta fi nisa.

Kafin dawa ta kai gwiwa, babu hirar da ake yi sai tamu. Cibiyar hirar ita ce teburin Ɗanlami mai shayi a bakin tasha, domin shi ke da rediyo. Ni ba mai zaman wurin ba ne, amma babu abin da aka faɗa da bai iso ni ba, wani lokaci ma da kunnena nake ji idan zan wuce.

"Wallahi sun rabu. Da idona na ga Jatau ya kewaye ta bayan masallaci don kada ya wuce ƙofar Malam."

"Ai tun da ya ji muryarsa a cikin akwati kansa ya kumbura."

"An ce wani ya samu a Funtuwa, mai rubutun boko, shi ke yi masa yanzu."

"Kai, rufe mana baki! Wannan sabuwar ta Malam ce. Ba ka ji yadda ta fara da godiyar Allah ba? Ɗan boko zai fara da godiyar Allah?"

"To in tasa ce, ina rumbu?"

Akwai wani direba, Sale, wanda ya haddace waƙoƙin Jatau kaf. Shi ne alƙalin teburin. Yakan ajiye kofi ya ɗauki waƙa baiti baiti yana rabawa, wannan na Malam ne, wannan ba nasa ba ne. Ya rantse cewa baitin da ya yi maganar gara ba hannuna ba ne, alhali a gindin kaɗanyar gonata na rubuta shi, gara tana cin takalmina. Mata kuma nasu labarin daban. A bakin rijiya aka ce akuyar Jatau ce ta cinye ramar Hajara, faɗan mata ya haura kan maza. Hajara ta ce ita ko rama ba ta shuka ba a shekarar. Wasu suka tare Yohanna a kasuwa don su ji daga gare shi. Mutumin da ya fi su iya Hausa, sai ya dube su ya amsa musu da Gwaranci tsantsa, ya ɗauki gangarsa ya yi gaba.

Da abin ya tsaya a hira, da da sauƙi. Amma mutanen nan suna son waƙoƙin, kuma suna ganin an zalunce ni, sai suka fara rama mini abin da ban aike su ba. A wata gayya samari suka ƙi karɓar amshi. Wani daga bayan kunya ya ɗaga murya ya ce, "Butulu!" Masu gona biyu da suka gayyace shi suka aika masa cewa sun fasa. Ga mawaƙin gayya, damina ita ce shekararsa gaba ɗaya, abin da ya samu a cikinta shi iyalinsa za su ci. Duk da haka Jatau bai buɗe baki ya kare kansa ba. Ni kuma ina gida ina juya abin a raina, ina neman laifin da na yi masa ban samu ba. Idan aka tambaye ni sai in ce lafiya lau muke, a yi mini kallon mai rufa asiri.

Innarku ce ta tashe ni. Wata safiya ta ajiye mini koko, ta tsaya ba ta tafi ba.

"Malam, kai ne mai sasanta mutane idan sun saɓa a kan iyakar gona. Yau kai ne zaune kana jiran Ɗanlami mai shayi ya gaya maka abin da ke tsakaninka da abokinka?"

"Shi ya sauya hanya, Hajara, ba ni ba."

"To hanyar rafin an hana ka bi ne? Matarsa ko gaishe ni ba ta iya yi don kunya, 'ya'yansa ana yi musu waƙa a dandali. Sha kokonka ka tafi."

Na same shi da hantsi a gonarsa ta bakin daji, yana maimai shi kaɗai. Ya gan ni tun daga nesa amma bai ɗago ba sai da na yi sallama.

"A'a, Malam ne da kansa? Ka zo karɓar rumbunka?"

"Na zo in ji laifina."

"Laifinka ɗaya, ba ka iya riƙon fartanya ba. Zauna."

Muka zauna a inuwar ɗorawa. Ya shiga kankare ƙasa daga fartanya. Ya ce da bazara ya je gaida Liman, wanda a lokacin tsufa ya kama shi, idonsa ya yi rauni, na'ibinsa kuma ya rasu. Ya tarar dattawa suna ciki, sai ya zauna a waje yana jira. Daga nan ya ji Liman yana cewa ni yake so a naɗa na'ibi, in gaje shi idan ta Allah ta kasance. Wasu suka yarda. Wasu suka ce ba su da shakka a kan karatuna, amma ba za su bi mutumin da ake kiran sunansa a bakin ganga ana guɗa ba. Gara a nemo baƙo daga wani gari. Aka tashi ba a yanke ba, aka ce a bari sai bayan kaka. Jatau ya ce ko gaisuwar bai shiga ya yi ba, ya ɗauki takalminsa ya koma gida. Ni duk wannan ban sani ba, babu wanda ya tuntuɓe ni.

"Sai na ce bari in cire sunanka daga bakin ganga, su rasa abin faɗa."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Da na gaya maka ai da ka ƙi. Na san ka. Za ka ce ba ka barin Jatau, ka kawo mini aya."

"Ana zaginka a gari. An fasa gayyarka."

"Ni maroƙi ne, Malam, bayana ya saba. Naka bai saba ba." Ya yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. "Ka ga, waƙa ko babu kai zan lallaɓa, ko da gurguwa ce. Amma garin nan ba shi da wani mai karatunka. In aka kawo baƙo, bai san waye maraya ba, bai san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Kuma ni ina da buƙata tawa. Ranar da aka shimfiɗe ni, ina so wanda ya san ni ya tsaya a kaina, ba wanda zai ce wannan ai makaɗi ne ba."

Na ce to zan je teburin shayi da kaina in faɗi gaskiya, a daina zaginsa. Nan ya kama hannuna. Ya ce idan samari suka ji cewa dattawa ne sanadi, za su juya kan dattawan, kuma ranar da na tsaya gaban sahu rabin masallaci yana fushi da rabi. Ya ce gara a ce Jatau butulu ne da a ce dattawa sun kashe waƙa. Bai sake ni ba sai da na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba muddin yana raye. Hajara kaɗai ya yarda in gaya wa, ya ce ita ko ba a gaya mata ba za ta tono.

Bayan kaka Liman ya aiko kirana, ya gaya mini abin da na riga na sani. Dattawan da suka ƙi sun sauko, tun da ga shi mun rabu da makaɗi. Na nemi ya ba ni lokaci. Na yi istihara, na yi ta kai da kawowa a raina, domin ina son aikin nan namu kamar yadda manomi ke son gonar da ya sare da hannunsa. Da na koma, na tambaye shi ko zan iya ci gaba da rubuta wa Jatau ba tare da an sani ba. Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Shu'aibu, ni ban ce waƙoƙinku haram ba ne. Ina ji daga nan idan iska ta kaɗo, babu batsa a ciki, kuma suna sa rago ya tashi. Amma wanda ke gaban sahu ba ya da aikin ɓoye. In za ka karɓa, karɓa da hannu biyu. In ba za ka iya ba, faɗa mini, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Na karɓa da hannu biyu. Daga ranar ban ƙara rubuta baiti don ganga ba. Ashe masu teburin shayi sun yi gaskiya a abu ɗaya, aikinmu ya ƙare, sai dai duk dalilan da suka kawo babu na gaskiya ko ɗaya. Abin da na rasa ba ƙarami ba ne. Har yau idan aka yi ruwan farko, ƙasa ta tashi da ƙamshi, baitoci sukan zo mini da kansu, in bar su su wuce. Innarku ma ta yi rashi. Ta ce tun daga shekarar daka ya zama aiki kawai.

Jatau ya ci gaba da waƙa, yana haɗa nasa da kansa. Sun fi namu gajarta, amma muryar tana nan, kuma a hankali masu gona suka dawo, domin babu mai tayar da samari kamarsa. Mutanen rediyo ma suka sake ɗaukar muryarsa, waƙoƙin wannan lokacin ne suke sakowa yanzu. Sunan butulu dai bai sake shi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bai taɓa cike gurbin ba. Kowace waƙa, idan aka zo ƙarshe, ganga ta lafa, sai ya yi shiru, Yohanna ya buga shi kaɗai, sannan a rufe. Wani babban ɗan kasuwa a Birnin Gwari ya yi masa alkawarin keke sabo idan ya sa sunansa a wurin. Jatau ya wasa shi a farkon waƙa, ya wasa shi a tsakiya har mutumin ya miƙe tsaye don daɗi. Da aka zo ƙarshe, shiru. Jatau ya dawo gida a ƙasa, babu keke.

Sallah kuwa a sahun farko yake yin ta, dama da ni. Wannan ma bai tsira daga teburin shayi ba. Wasu suka ce tuba ya yi, wasu suka ce ya zo ne ya ƙure ni da ido. A gaban mutane gaisuwar liman da mamu muke yi. Amma wani lokaci, idan an watse, zai tsaya yana neman takalminsa har sai na iso, ya sunkuyo ya ce a hankali:

"Allah gafarta Malam, huɗubar yau ta yi wa garma nauyi."

Sai in danne dariya, Juma'a mai zuwa in rage.

Da ajalinsa ya zo, ni na tsaya a kansa, kamar yadda ya nema a gindin ɗorawa. Na yi masa kabbara. Yohanna, wanda ya tsufa sosai a lokacin, yana tsaye can gefe ƙarƙashin itace, hularsa a hannu, har aka gama. A zaman makoki na faɗi wannan labari duka, tun da alkawari ya sauka daga wuyana. Amma tsofaffi ne a wurin, yawancinsu yanzu sun bi shi, ku kuma kuna makaranta a Zariya da Kaduna. Tsohon labarin ne ya iso ku, shi ya fi daɗewa yana yawo.

Saboda haka ga abin da nake so daga gare ku. Jikokin Jatau suna nan a unguwar rafi, ku riƙa zuwa kuna gaishe su, ku san cewa rawanin da kuka taso kuka gani a kaina kakansu ne ya saye shi da mutuncinsa. Idan kuma rediyo ta sako waƙarsa, kada wanda ya taɓa ta. Ku bari ta kai ƙarshe. Za ku ji muryarsa ta ɗauke, ganga ta ci gaba ita kaɗai kamar numfashi biyu. Wannan wurin nawa ne. Ya share shi ya ajiye mini har ya koma ga Allah, bai ba kowa aro ba. Idan kun zo daidai nan, ku ce Allah ya jiƙan Jatau, ya ƙara wa rumbunsa albarka.